Mariama Bâ, marubuciyar da ba ta ga fitowar littafinta mafi ɗaci ba

Ranar 17 ga watan Agusta na 1981 Allah ya karɓi ran Mariama Bâ a birnin Dakar, bayan ta sha fama da ciwon daji. Shekarunta 52. A lokacin shekara biyu ke nan kacal da fitowar littafinta na farko, Une si longue lettre, wanda ya kai sunanta ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba. Na biyun kuwa, Un chant écarlate, yana hannun masu ɗab'i, sai bayan an yi mata sutura ya fito. Wanda ya yi sakandare a Yamai ko Damagaram, Kwatano ko Garwa, da wuya a ce bai gamu da na farkon ba, haka ma 'yan'uwanmu na Ghana da Najeriya da suka karanta fassararsa ta Ingilishi, So Long a Letter. Amma a tambayi mutanen nan labarin na biyun, sai ka ji an yi tsit. Alhali shi ne ya fi kusa da ƙofar gidajenmu na zango, domin labari ne na baƙuwar mace da aka kawo gidan aure, aka kuma bar ta ita kaɗai har hankalinta ya gushe.

An haifi Mariama ranar 17 ga Afrilu 1929 a Dakar, a gidan Musulmi masu rufin asiri. Mahaifinta, Amadou Bâ, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, kuma daga baya ya riƙe muƙamin ministan lafiya na Senegal, lokacin da Faransa ta fara sakar wa 'yan ƙasa ragamar mulkin cikin gida a ƙarshen shekarun 1950. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, don haka kakanninta na wajen uwa suka riƙe ta. Riƙo ne irin wanda duk muka sani: makarantar allo, aikin gida, koyon girki, da shirin ɗakin miji. Uban ne ya dage sai ta yi boko, su kuwa kakannin a ganinsu firamare ta ishi 'ya mace.

Da ta kammala firamare, hanyar da ke gabanta ita ce ta koyon aikin sakatariya. Shugabar makarantarsu, wata Bafaranshiya mai suna Berthe Maubert, ta ƙi yarda, ta sa sunanta cikin masu zana jarrabawar shiga makarantar horon malamai mata ta Rufisque. Mahaifin yana Yamai wajen aiki a lokacin, sai shugabar ta ɗauki nauyin lallashin dangi da kanta. A 1943 aka fitar da sakamako, Mariama ce ta zo ta ɗaya a duk faɗin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa. Tana da shekara 14.

Ita wannan makaranta ta Rufisque an buɗe ta ne a 1938 ƙarƙashin Germaine Le Goff, tana tattaro 'yan mata daga Senegal, Gini, Dahomey, Togo, Kwaddibuwa da sauran ƙasashen yankin. Daga cikinta Jeanne Martin Cissé ta Gini ta fito, macen da ta fara shugabantar zaman Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1972, haka ma 'yar jarida Annette Mbaye d'Erneville. An horar da 'yan matan su iya Faransanci kamar 'ya'yan Paris, an kuma riƙa tuna musu cewa ƙauyukansu za su koma. Tsakanin waɗannan abubuwa biyu Mariama ta yi rayuwarta duka, kuma duk abin da ta rubuta daga wannan tsakanin ya fito. Ta karɓi takardar shaidar malanta a 1947, ta koyar shekara 12, sannan rashin lafiya ya sa aka mayar da ita ofishin masu duba makarantu na yanki.

Aure uku ta yi, ta haifi 'ya'ya tara. Wanda ya fi daɗewa shi ne aurenta da Obèye Diop, ɗan jarida kuma ɗan siyasa da ya yi ɗan majalisa da minista, shi ma daga ƙarshe rabuwa aka yi. Ɗiyarta Mame Coumba Ndiaye ta rubuta tarihinta a wani littafi da ya fito a 2007. Masu sharhi da yawa sun so su mayar da littattafanta labarin ɗakinta, kamar mace ba ta iya ƙirƙirar komai sai abin da ya same ta. Abin da ya tabbata dai shi ne ta san zaman aure, ta san saki, ta kuma san abin da ake ce wa bazawara mai 'ya'ya tara a bayan idonta. Ta shiga ƙungiyoyin mata na Dakar, tana rubuta maƙalu a jaridu, tana jawabai kan karatun 'ya mace da haƙƙin matar aure. Ba ta taɓa barin addininta ba, ba ta kuma ce Musulunci ne abokin gabarta ba. Faɗanta da maza ne masu ɗaukar izinin da shari'a ta ba su, su jefar da sharaɗin adalcin da ke tare da shi.

Sai da ta kai shekara 50 littafinta na farko ya fito, a 1979, daga kamfanin ɗab'i na Nouvelles Éditions Africaines a Dakar, kuma ƙawarta Annette na cikin waɗanda suka matsa mata ta miƙa rubutun. Wasiƙa ce guda ɗaya doguwa, wadda Ramatoulaye ke rubuta wa aminiyarta Aïssatou tana cikin takaba. Mijinta Modou Fall, bayan shekara 25 da aure da 'ya'ya 12, ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu ta fari, ya tare can bai sake waiwayar tsohon gida ba har ya mutu. Ita kuwa Aïssatou 'yar maƙerin zinariya ce, uwar mijinta mai taƙama da jinin sarauta ba ta taɓa karɓarta ba, har ta raini wata yarinya daga dangi ta aura wa ɗanta. Aïssatou ta kwashi 'ya'yanta maza huɗu ta fita, ta koyi aikin tafinta, ta samu aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. Wata ta zauna, wata ta tafi, marubuciyar ba ta ce ga wadda ta fi gaskiya ba. A 1980 littafin ya zama na farko da ya ci lambar yabo ta Noma, wadda wani mai kamfanin ɗab'i ɗan Japan ya kafa domin littattafan da aka buga a Afirka, aka miƙa mata a bajekolin littattafai na Frankfurt a Jamus. A 2002, a Accra, aka bayyana jerin littattafan Afirka 100 mafiya daraja na ƙarni na 20, nata yana cikin 12 na sahun gaba.

Akwai wani ɗan labari a tsakiyar wannan littafi da ɗalibai kan wuce da sauri domin ba kasafai yake fitowa a jarrabawa ba. Labarin Jacqueline ne, Kirista 'yar Kwaddibuwa da ta auri likita ɗan Senegal ta biyo shi Dakar. Danginsa ba su karɓe ta ba, shi kuma ya koma neman matan garinsu a fili. Sai ta fara jin wani ƙullutu a ƙirji. Aka yi ta gwaje-gwaje ba a ga komai ba, aka nemi taimakon malamai, aka kwantar da ita a asibiti, sai daga ƙarshe wani likita ya gane ciwon damuwa ne ke cinta. Jacqueline ta warke. Amma da alama tambayar ba ta bar Mariama ba: idan da ba a samu wanda ya gane ciwon ba fa? Littafi na biyu amsar wannan tambaya ce.

Labarin Ousmane da Mireille

Ousmane Guèye ɗan talakawa ne daga unguwar Usine Niari Talli a Dakar. Ubansa Djibril tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Turawa da raunin ƙafa, mutum mai riƙo da addini. Uwarsa Yaye Khady ta ɗora duk burinta a kansa. Yana saurayi ya so wata yarinyar unguwa, Ouleymatou, ta wulaƙanta shi saboda yana taya uwarsa aikin gida. Ya duƙufa ga karatu, a can ya haɗu da Mireille de La Vallée, 'yar wani jami'in diflomasiyyar Faransa. Ranar da ubanta, mai yawan jawabin 'yan'uwantakar baƙi da farare a wajen taro, ya ga hoton saurayin, ya sa ta a jirgi ya mayar da ita Faransa. Suka yi shekaru suna musayar wasiƙu, har da lokacin boren ɗalibai na Mayun 1968 da ya girgiza Paris da Dakar a lokaci guda. Ousmane ya zama malamin falsafa, ya bi ta Paris, ta musulunta, aka ɗaura aure. Iyayenta suka yafe ta. Ta iso Dakar ba ta da kowa sai shi.

Daga nan labarin yake fara duhu, kuma a hankali yake yi, yadda irin wannan abu yake faruwa a zahiri. Djibril ya karɓi auren a matsayin ƙaddara tunda yarinyar ta musulunta. Yaye Khady kuwa ta ga an yi mata fashi. Surukar da ta yi mafarki ita ce wadda za ta ɗauke mata girki da wanki, ta yi mata kyautar zannuwa a gaban mata ranar suna, ta ɗaga darajarta a unguwa. Sai ta shiga faɗa wa ma'auratan ɗaki ba sallama, tana tsokanar amarya da gangan. Abokan Ousmane su cika falo har dare, su ci su watse su bar mata kwanuka. Duk lokacin da Mireille ta yi ƙorafi, mijin ya ce al'adarsu ke nan, ita ce za ta saba. Ita ma marubuciyar ba ta wanke ta tas ba, ta nuna ta da taurin kai da son a bi tsarin gidan ubanta a garin da ba a san shi ba. Aka haifi ɗa namiji ana kiransa Gorgui, wato dattijo da harshen Wolof, kamar yadda mu ma mukan kira jariri Baba ko Abba. Sunan da aka yi ba armashi, kakar ta ɗauke shi abin kunya, jikan ma ba ta sake da shi ba saboda launin fatarsa.

Ana cikin haka Ouleymatou ta dawo, aurenta na dole da wani tsoho ya mutu, ta ga yaron da ta raina ya zama mai mota da albashi. Ta bi ta hannun Yaye Khady, da wanki da guga da girki da turare. Ousmane ya aure ta a ɓoye, ta haihu, aka yi gagarumin suna irin wanda uwar ta daɗe tana jira, kuma har da kuɗin Mireille ake riƙe sabon gidan. Kowa a unguwa ya sani ban da ita. Ƙanwar mijin, Soukeyna, wadda ita kaɗai ta riƙe ta da zuciya ɗaya, ita ce ta aika mata wasiƙa ba sa hannu. Mireille ta bi sawu ta gani da idonta. Komawa Faransa ba hanya, ga ɗa baƙar fata, ga uban da ya rufe ƙofa. Zama kuma ya gagara. Wani dare ta liƙa tsofaffin wasiƙun soyayyar Ousmane a bangon ɗaki, ta ɗura wa Gorgui ƙwayoyin barci har ya cika, ta jira mijin ya shigo da asuba ta daddaɓa masa wuƙa. Shi ya rayu. Ita kuwa hankalinta ya riga ya tafi, ofishin jakadancin ƙasarta ya karɓi lamarinta. Jan launin da ke cikin sunan littafin na jinin da ya zuba ne a wannan asubar.

Wasu sun karanta shi a matsayin gargaɗi kan auren Baturiya. Wannan gajeren karatu ne, domin a cikin littafin akwai wani auren irinsa, na Lamine da Pierrette, da ya zauna lafiya, ko da yake shi Lamine ya biya farashin da nisantar al'adun gidansu. Wanda aka tsare da ido shi ne Ousmane. Mutum ne mai ilimin iya kare duk abin da ransa ya so. Da ya so Mireille, ya yi magana da harshen 'yanci da daidaiton ɗan Adam. Da ya so Ouleymatou, ya koma harshen asali da martabar baƙar fata, irin aƙidar da shugaba Léopold Sédar Senghor ya shahara da ita, shi da matarsa Colette ma Bafaranshiya ce. Ya sa mace ta bar addininta da iyayenta da ƙasarta dominsa, shi bai bar ko zaman hira ɗaya da abokai dominta ba. Auren nasa na biyu ma da a ce shari'a yake bi, da bai ɓoye shi ba, da bai ci dukiyar uwargida ba da izininta ba, da ya raba kwana. Mariama, wadda ta yi karatun allo kafin na boko, ta san wannan sarai, shi ya sa hukuncinta a kansa ya fi na kowane mai sharhi daga waje zafi.

Abin da ya fi wuyar haɗiya shi ne rawar da mata suka taka. A littafin farko mai karatu yana samun sauƙi, ga azzalumin miji, ga aminai mata biyu suna riƙe da juna. A na biyu mata ne suka haƙa ramin, uwar miji da kishiya da matan unguwa masu guɗa ranar suna. Kuma marubuciyar ba ta mayar da Yaye Khady dodo ba. Mace ce da ta yi shekaru tana daka da wanki da jiran ranar hutu, ranar ta zo aka ce babu. Ana iya fahimtarta, ana kuma ganin hannunta a cikin mutuwar jikanta. Littafin yana da rauninsa: Ouleymatou ba ta samu zurfin da sauran suka samu ba, kusan turare da kwalliya kawai ake gani, kuma wajen ƙarshe ana jin gaggawa a alƙalamin. Duk da haka ban san wani littafin Afirka ta Yamma na wancan zamani da ya bi matakan rushewar hankalin matar aure daki-daki kamar wannan ba.

Mu ma a adabinmu akwai makamancinsa ta wata fuska. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a Zariya a shekarun 1930, labari ne na attajiri Malam Shehu da ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab, shi kuma ya rama da asiri a kan ɗan da aka haifa, Kyauta, ya lalace da sata har ya zama sanadin ajalin ubansa. A can ma, kamar a Dakar, manya ne suka ɓata aure, yaro ya biya.

Me ya haɗa wannan da Nima da Maamobi?

Zango wuri ne na baƙi tun asalinsa. A Nima da Maamobi Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Kotokoli da Mosi da Dagomba da Bayarabe suna zaune ƙofa da ƙofa, Hausa ce ta haɗa su, auratayya kuma ta cakuɗa su. Dattawan unguwannin nan ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takardu, aka loda mutane a manyan motoci, ciki har da waɗanda a Ghana aka yanke musu cibiya. Mutanen da suka ɗanɗani wannan sun san zafin a ce maka kai ba ɗan nan ba ne. Tambayar da littafin Mariama yake yi mana ita ce yadda muke yi da baƙon da ya shigo cikin namu gidan.

Domin Mireille ta zango ba lallai ta zama Baturiya ba. Tana iya zama 'yar Ga ko Asante ko Ewe da ta musulunta saboda aure, danginta suka yi fushi da ita, a gidan miji kuma har ta tsufa ana kiranta tubabba. Tana iya zama yarinyar da aka ɗauko daga Tawa ko Sakkwato aka kawo Accra, ba ta jin Twi ba ta jin Ingilishi, ba ta da ɗakin da za ta yi yaji ta je. Tana kuma iya zama matar da ɗanmu ya aura a Hamburg ko Bronx ya samu takardun zama, ya zo hutu gida aka ɗaura masa wani auren da kuɗin da suka tara tare, dangi duka suka haɗa baki aka rufe. Wannan na ƙarshe ba sai an buɗe littafi ba, ana jin irinsa a majalisun shayi, sau da yawa ma da dariya ake ba da shi.

Ta fuskar doka ma akwai abin dubawa. Senegal ta kafa dokar iyali a 1972, wadda ta ce a tambayi ango ranar rajistar aure ko mace ɗaya ya zaɓa, ko ya iyakance adadi, ko ya bar ƙofa a buɗe har huɗu, a rubuta, don amarya ta san abin da ta shiga. A Ghana tun 1907 akwai dokar auren Musulmi da ta nemi a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, amma a zangunanmu aure da yawa a masallaci ko ƙofar gida yake farawa ya ƙare, ba takarda. Ranar da miji ya mutu ko ya juya baya, matar da ke da dangi a kusa tana da masu tsaya mata. Baƙuwar ce take wayar gari ba shaida ba madafa. Haka batun taɓin hankali: asibitin masu wannan lalura na Accra ba shi da nisa da Nima, amma matar aure da ta daina barci, ta daina magana, ta rame, sai an gama zargin kishiya da aljanu kafin wani ya tambaya ko kaɗaici ne da baƙin ciki. Ruƙiyya da addu'a suna da wurinsu, likita ma yana da nasa, labarin Jacqueline da na Mireille bambancinsu ke nan.

Mariama Bâ ta dawo daga Frankfurt a ƙarshen 1980 da suna da gayyata daga ko'ina, amma jikinta ya riga ya fara ba da kai. Ba ta cika shekara guda da karɓar lambar ba ta rasu. Dorothy Blair ta fassara littafin na biyu zuwa Ingilishi da sunan Scarlet Song, wanda shi ne mai karatu a Ghana ko Najeriya zai nema, na Faransancin kuma yana nan a shagunan littattafai na ƙasashen da ke amfani da harshen. An fassara na farkon zuwa harsuna da dama, har da Wolof, harshen da mutanen cikin labarin suke magana da shi a gidajensu, da kuma Swahili.

A tsibirin Gorée da ke gaban Dakar akwai makarantar kwana ta 'yan mata da gwamnatin Senegal ta sa wa sunanta. Kowace shekara 'yan matan da suka fi kowa maki a jarrabawar gama firamare ta ƙasa ake ɗauka a kai can.